Ƙafafun Alhaji Bawa a Shafin 'Yan Albasa

Ku da kuke shigowa shagona da wayoyi a hannu kuna gaya mini cewa jera hotuna a shafin intanet aiki ne da kowa zai iya kafin shayinsa ya huce, ku zauna ku saurara, domin ba ni da al'adar maimaita magana. Sunana Umaru, mutumin Maiyama ne ni, amma a Jega an fi sanina da Malam Mai Rula. Na haura shekara talatin ina ɗaukar hoto ina sa shi a firam kafin hannuna ya taɓa kwamfuta. Labarin aiki guda zan ba ku, wanda a cikinsa aka nemi in ƙyale akwatin kwamfuta ya yanke ƙafafun wani mamaci, na ƙi. Sai dai ba za ku fahimci ƙin nan ba sai kun san inda hannun ya koyi aiki.

Aikin farko da aka taɓa ba ni a duniya shi ne ja layi a gefen takarda. Mahaifina leburan hanya ne, aiki ya kai shi ƙasar Zuru, a can ya sa ni makarantar mishan, ba don wani dalili ba sai don ita ce kusa da barikin leburori. Da sassafe in yi karatun allo, da hantsi in tafi aji. Malaminmu, Malam Bitrus, ba ya duba abin da ka rubuta sai ya fara duba layin gefe. Inci ɗaya ne, kuma in ya karkace ko da kaurin gashi, a gabanka zai yage shafin. Shi ya koya mana lissafin rabo. Yakan zana akwati a allo ya ce faɗinsa huɗu, tsayinsa shida, to in aka buɗa faɗin ya kai goma, tsayin nawa zai zama? Wata rana na ce masa kusan goma sha biyar. Ya sa na miƙa bayan hannuna, ya sauke mini rula, ya ce amsar goma sha biyar ce, shi bai tambaye ni kusan ba.

Firam na farko da na haɗa, na wani mahauci ne a kasuwar Jega. A lokacin ina koyon aiki a wurin Baba Lasisi, wani Bayarabe mai shagon hoto kusa da tashar mota. Shekara uku na yi a hannunsa ban taɓa kyamara ba. Nawa shi ne wanke tasoshin ɗakin duhu, da haɗa ruwan wanke hoto, da yanka kwali da gilashi. Ran nan muna da wani firam da aka riga aka haɗa, hoton mahaucin kuwa ya fi shi tsawo da kaɗan. Na ga babu dalilin ɓata katako, sai na rage hoton daga sama ya shiga. Baba Lasisi bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ɗauka in kai wa mai shi da kaina, in gaya masa abin da na yi a gaban jama'a.

Mahaucin ya goge hannu a jikin riga, ya karɓa, ya daɗe yana dubawa.

"To, ɗan samari, ina sauran hulata?" in ji shi. "Ko yunwa ta kama ka hanya kac cinye?"

Duk layin mahauta suka kwashe da dariya. Har wata uku, in na bi ta wurin sai wani ya dafe hularsa da hannu biyu. Da na koma shago Baba Lasisi ya ba ni doka biyu. Ta farko, ana yi wa hoto firam ne, ba a yi wa firam hoto. Ta biyu, kafin ka taɓa kwali ko katako, ka juya hoton ka rubuta faɗinsa da tsayinsa da fensir a baya. Ban sake karya ko ɗaya ba.

Mutum na farko da aka yarda in ɗauka da hannuna shi ne Alhaji Bawa, manomin albasa daga Gehuru, wanda ya dawo daga aikin Hajji a makon. Dogon mutum ne ƙwarai, sai da ya sunkuya ya shigo. Ya zo da babbar riga fara da sababbin takalma. Na gyara kyamara a kan ƙafafunta uku, na ɗago kai, sai na ga ya tuɓe takalman ya ture su gefe. Na ce masa ya mayar, hoton zai fi kyau.

"Yaro," ya ce, "wanga takalmi shekaranjiya nis saye shi, bai san komi ba. Ƙahwahun ga su sunka ɗauko albasa tun daga Gehuru hal kasuwar Jega, shekara da shekaru, tun ban da jaki. Ka ɗauke ni duka, daga hula hal ƙasa. In ka bar su waje, ba ni na ba."

Sai da na ja kyamarar har bakin ƙofa kafin ya shiga gaba ɗaya. Hoton ya fito siriri dogo, faɗi inci biyar, tsayi inci goma sha biyu, ƙafafun a fili, da fasonsu da komai. Babu firam irin wannan a shagon, don haka muka fere masa nasa.

Da Baba Lasisi ya tsufa ya koma garinsu, ni ya bar wa shagon. Shekarun da aka fitar mana da jihar Kebbi daga Sakkwato su ne mafi albarka a sana'ata. Kowa yana neman aiki a sabuwar jiha, kowace takarda tana son hoton fasfo, har layi ake yi a ƙofata. 'Yan albasa na Aliero in sun sayar da kaya sukan zo a ɗauke su da sabon babur. Direbobi su zo a ɗauke su a jikin mota. Ban taɓa ba mutum hoton da na san kansa ya karkace ba, ko da shi bai lura ba. Wasu sun bar zuwa wurina saboda ina sa su sake tsayawa sau uku. Na bar su sun tafi.

Mummunar shekarar ta zo da abu biyu a tare. Wayoyi masu kyamara suka cika gari, kuma ruwa ya sauka da wuri ya iske albasa a rudu, wato gadajen karan da ake ajiye ta a kai, ta ruɓe a Aliero har wari ya hana mutane zama a wasu unguwanni. Wanda albasarsa ta ruɓe ba ya zuwa a ɗauke shi hoto. Na yi kasuwa uku a jere babu wanda ya leƙo. Ruwan wanke hoto ya lalace a cikin kwalabe, na zubar da shi da hannuna. Injin faɗaɗa hoto da Baba Lasisi ya bar mini, wani maƙeri daga Jiga Makera ne ya saye shi, kuma ba injin yake so ba, ƙarfen da yake tsaye a kai yake so. 'Yan'uwa suka ce in koma Maiyama in kama gona, shekaruna sun kusa sittin, na yi abin da zan yi. Na ce musu ban tambayi kowa shawara ba.

Tsohuwar kwamfuta na samu, da sikana, wato na'urar da take kwafe hoton takarda zuwa cikin kwamfuta, na fara gyara wa mutane tsofaffin hotunan da gara ko ruwa ya taɓa. A haka na haɗu da Malam Bashiru, malami a sabuwar jami'ar da aka buɗe a Aliero, wanda ya kawo mini hoton iyayensa. Shi ya nuna mini cewa shafin intanet ba sihiri ba ne, rubutu ne, umarni ne layi bayan layi da kake ba na'ura, ita kuma ta bi shi ba tare da ƙari ko ragi ba. Kowace Asabar da safe yakan zo mu zauna. Na sayi littafi, na ja layin gefe a kowane shafi, ina kwafe umarnin da fensir ina rubuta ma'anarsa a ƙasa. Yakan ce, "Baba, ai mu ma ɗaukowa muke yi mu liƙa, ba sai ka gane kowane layi ba." Ni kuwa ban taɓa sa layin da ban gane ba a aikin da zai fita da sunana. Kayan aikina suka zama kwamfuta da sikana da littafin nan, amma rula da fensir ba su bar teburin ba.

To, ga aikin da na ce zan ba ku labarinsa. Alhaji Mu'azu, ɗan Alhaji Bawa, ya zama babban ɗan kasuwa mai manyan motoci, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya ta 'yan albasa a Aliero wadda mahaifinsa ya kafa kafin ya rasu. Masu saye daga kudu da ƙetaren iyaka suna ta neman inda za su ga kaya kafin su taso, sai ƙungiyar ta yanke shawarar buɗe shafi. Ɗan ƙanwar Alhaji Mu'azu, Nura, wanda ya yi karatu a Kaduna ake ce masa Injiniya, shi ya ɗauko wani shafi da aka riga aka tsara. Ni aikina in sa hotuna a sikana in jera su. Hotuna arba'in da uku ne: fadamu, da rudu, da motoci da lodi, da dattawan ƙungiya. Kwana tara aka ba mu, domin wasu manyan masu saye suna tafe, ana so a nuna musu.

Wurin hotunan a shafin akwati ne guda a tsakiya. Hoto ɗaya yake nunawa, da bayaninsa a ƙasa, in ka danna kibiya ya kawo na gaba. Wanda ya tsara shi ya ƙayyade masa tsayi, ɗigo ɗari huɗu a ma'aunin allon kwamfuta, ko hoton mene ne ya zo. Hoton fadama mai faɗi yana zama daidai. Hoton mota da lodi ya rasa buhunan ƙasa da tayoyi. Hoton da ƙungiya ta ce a sa a farko kuwa, a cikin ambulan aka kawo mini shi, an ciro shi daga firam a falon Alhaji Mu'azu. Na juya bayansa na ga rubutun fensir, biyar da goma sha biyu, da hannuna. A kwamfuta ya zama faɗi ɗari uku, tsayi ɗari bakwai da ashirin. Da na sa shi a akwatin, Alhaji Bawa ya tsaya a ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa akwatin ya haɗiye.

Na kira Injiniya na nuna masa.

"Baba, ai haka yake," ya ce. "Kawu ya gani jiya a wurina, ya ce ya yi kyau. Hoton shugabanni dama daga ƙirji ake yin shi."

"Mai hoton bai ce haka ba."

"Mai hoton ya rasu, Baba, Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Rasuwar ba ta soke abin da ya ce."

Ya yi murmushi irin na wanda yake lallashin tsoho, ya ce to akwai dabara biyu. Ya danna wani abu, aka danne hoton daga sama ya shiga akwatin duka. Alhaji Bawa, wanda yake sunkuyawa ya shiga ƙofa, ya koma gajere mai tumbi kamar tulu. Na ce ya cire wannan kafin wani ya shigo ya gani. Ya sake dannawa, hoton ya ƙanƙance gaba ɗaya, ya zama wani ɗan sili a tsakiyar fili fari, fuskar ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Na ce wannan ba nuna mutum ba ne, ɓoye shi ne.

"To uku ke nan, Baba. Ko a yanke, ko a danne, ko a rage. Babu na huɗu."

Na ce akwai. Akwatin ya miƙe in hoto dogo ne, ya koma in gajere ne. Ya ce wannan wahala ce da babu wanda ya sa ni, kuma yana ba ni shawara in bar abin da Kawu ya riga ya ce ya yi. Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce masa ya je, zan kira shi.

Umarnin farko da na rubuta, a yini ɗaya na gama shi. Na ce wa na'urar duk lokacin da aka kawo hoto, ta auna tsayinsa, ta ba akwatin wannan tsayin. A kwamfutata ya yi aiki babu tangarɗa. Na ɗora shi a intanet, na tafi kafe ɗin Ɗanlami, shagon da ake biyan kuɗi a shiga intanet, wanda shi ne mai farantin kama layi a kan rufi a Jega a lokacin, don in gani kamar yadda baƙo zai gani. Na buɗe shafin. Akwatin ya rufe ruf, ya zama siririn layi, bayanin ƙasa ya hau sama. Can bayan wani lokaci hoton ya fara fitowa ya malale a kan rubutun.

Ɗanlami ya leƙo ta kafaɗata. "A'a, Malam! Su ƙahwa kaɗai sunka yanke, kai ka gama da mutumin baki ɗaya."

Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba, kuma ina gaya muku shi ne don ku san mai rula ma yana kuskure. Bambancin shi ne ba ya tashi sai ya gano inda ya yi shi. Kwana biyu na yi ina zuwa kafe ɗin tun buɗewa, ina buɗe shafin ina rufewa, ina rubuta abin da na gani. Na lura cewa buɗewa ta farko ce take lalacewa, ta biyu kuwa tana yin daidai. A nan na kama zaren. A kwamfutata hotunan suna ciki, da an kira su sun zo. A intanet kuwa sai sun yi tafiya, layinmu na Jega kuma ba ya sauri. Na'urar tana yin awo tun hoton bai iso ba, ta tarar da wuri babu kowa, ta rubuta sifili, ta ba akwatin sifili. Tamkar tela ne ya ɗauki awon mutumin da har yanzu yake cikin mota a hanyar Maiyama. Wanda ya yi aikin nan a birni mai layi da sauri zai iya mutuwa bai san yana da wannan aibi ba.

Gyara na farko da ya zo mini shi ne in ce wa na'urar ta jira sai hoton ya gama sauka sannan ta auna. Ya yi aiki, Ɗanlami ma ya ce an gama. Ni ban yarda ba. Mutum yana cikin karanta bayanin ƙasa, hoton ya gama sauka, akwatin ya yi tsalle ya ture rubutun daga gaban idonsa. Wanda ya zo duba kaya ba a fizge masa takarda daga hannu.

Sai na koma ga dokar Baba Lasisi. Na bi hotuna arba'in da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta faɗi da tsayin kowanne a littafina, na duba sau biyu, sannan na shigar da lambobin cikin shafin kusa da sunan kowane hoto. Yanzu akwatin ba ya bukatar ganin hoto kafin ya san girmansa. Da an danna kibiya, sai ya karanta lambobin, ya duba faɗin wurin da yake da shi a allon mai kallo, ya yi lissafin rabo irin na ajin Malam Bitrus, ya buɗe a hankali zuwa daidai tsayin da ake bukata, ya tsaya yana jiran hoton. In allon ƙarami ne, faɗin ya ragu, tsayin ya bi shi, mutum ya zauna a siffar da Allah ya yi shi. In na gaba hoton fadama ne, akwatin ya koma gajere, babu farin fili a ƙasa. Na gwada a kafe, na gwada a kwamfutar tafi-da-gidanka ta Malam Bashiru, na gwada a waya. Na kama wuri ɗaya da na sa tsayi a gurbin faɗi, wata mota ta fito a kwance kamar an take ta, na gyara. A rana ta takwas na kira Injiniya na ce a tara mutane.

Bayan la'asar muka haɗu a ofishin ƙungiyar a Aliero, ɗaki ne guda a gefen rumfar awo, buhunan albasa a jingine har bakin taga. Alhaji Mu'azu yana kan kujera, dattawa huɗu a kan tabarma, Injiniya ya ɗora kwamfutarsa a tebur ya haɗa layi. Na zo da ambulan ɗin hoton don in mayar wa mai shi.

Akwatin ya buɗe dogo, fari, babu kowa a ciki. Sannan hoton ya fara sauka daga sama, kaɗan kaɗan, yadda layin ya ga dama. Hula ta fito. Fuska ta fito, ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Allahu akbar, Bawa na!" Aikin wuyan riga ya fito, hannuwa suka fito. Hoton ya wuce ƙugu ya ci gaba. Ya fi allon tsawo, don haka na miƙa hannu na ja shafin ƙasa. Gefen riga, ƙwauri, sannan ƙafafu biyu a kan siminti, babu takalmi.



"Nura," in ji Alhaji Mu'azu, "ba haka nig gane shi ba ran nan."

"Baba Mai Rula ne ya sake tsarin, Kawu. Na gaya mishi."

Alhaji Mu'azu ya juyo gare ni. "Malam Umaru, mutanen ga da ka zuwa gobe manyan 'yan kasuwa na. Abu na hwarko da za su gani, uban ƙungiya ba takalmi, ƙahwa duk hwaso? Su ɗauke mu mi? Ɗiyan 'yan dako? Mai da akwatin yadda yake."

Na ce, "Alhaji, ba zan mayar ba." Na gaya masa abin da mahaifinsa ya faɗa mini ranar da na ɗauke shi, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba.

"Ni aɗ ɗa nai ko kai?"

"Kai ne ɗansa. Hoton ma naka ne."

"To na ce a yanke. In ka ƙiya, Nura ya yi, kuma ka sani babu ɗan albasa da zai sake kawo maka aiki cikin garin ga."

Gaskiya ya faɗa. Injiniya zai iya mayar da tsohon akwatin kafin in kai bakin ƙofa, kuma maganar Alhaji Mu'azu ba ta faɗuwa ƙasa a wurin 'yan albasa. A kan teburin akwai wuƙar da suke yanke igiyar buhu da ita. Na zaro ainihin hoton daga ambulan na shimfiɗa shi a gabansa, na ɗauko wuƙar na ajiye kusa da shi.

"Alhaji, kana da iko a kan hoton mahaifinka, ni ba ni da shi. Ga shi, ga wuƙa. Ka yanke shi da hannunka daga inda kake so. Abin da ya rage zan sa a sikana in ɗora a shafin, ba za ka ji bakina ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in bar akwati ya yanke shi a ɓoye, gobe in wani ya tambaya a ce na'ura ce."

"Subhanallahi," in ji wani dattijo a hankali.

"Baba, wannan ai ya yi yawa," in ji Injiniya.

"Yi shuru, Nura," in ji Alhaji Mu'azu.

Alhaji Mu'azu ya ɗauki wuƙar. Ya jawo hoton gabansa, ya dafe shi da yatsu biyu, ya ɗora bakin wuƙar daidai ƙugu. Ban motsa ba, kuma da ya yanke da na cika alkawarina. Ya daɗe a haka. A waje ana ta kiran awo, wani yana zagin wani a kan buhu. Sai ya matso da fuskarsa kusa da takardar, ya ɗago ya dubi allon kwamfutar inda ƙafafun suka fi girma, ya sake duban takardar.

"Wanga babban yatsa na hagu," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "kun ga ba shi da akaihwa. Amalanke yat taka shi bakin kasuwar Jega. Ina biye da shi ran nan, ina ɗauke da ƙaramin kwando. Ya yage bakin zane nai ya ɗaure, ya sa munka ci gaba, wai kada rana ta taɓa albasa."

Ya ajiye wuƙar. Ya mayar da hoton cikin ambulan da kansa, ya sa a aljihun rigarsa.

"Malam Umaru, taurin kai gare ka, kuma ban janye abin da nic ce ba. Aikina da kai ya ƙare."

"Na ji, Alhaji."

Injiniya ya ga kamar an gama, ya miƙa hannu zai ja shafin sama don a koma ga fuskar. Alhaji Mu'azu ya buge masa hannu.

"Bar shi nan. Ban gama gani ba."